Idan Wutar Cek ta Kawo a Tsohuwar A-kori-kura: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin a Sayi Kaya

A-kori-kurar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin tana dakon buhuna daga Dawanau, ko kwandunan tumatir daga Yankaba a Kano, da wuya ka leƙa dashbod ɗinta ba ka tarar da wata wuta a kunne ba. Wasu direbobin sun saba da ita har ba sa ganinta, wasu sun manna mata baƙin tef, wasu kuma rewaya ya cire musu ƙwan an huta. Duk wannan ba ya hana motar shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai motar haya da zai iya jure asarar lita biyu ko uku a kowane sawu. Wutar nan tana nuna inda za a fara dubawa ne. Wanda ya bi ta daki-daki, yana awo kafin ya sa hannu a aljihu, sau da yawa gyaran ba ya wuce tiyo ɗaya ko wayar da ta saki.

Fara da murɗa makulli ba tare da ka tayar ba

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ka tsaya nan. Dole wutar cek, wato mai gargaɗin matsala a inji (check engine), da ta baƙin mai, da ta batir su kama gaba ɗaya. Idan ka tayar, su mutu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In wutar cek ba ta kawo ba tun a wannan mataki, ko ƙwan ya ƙone, ko an cire shi da gangan. Akwai kuma masu haɗa wayarta da ta wutar baƙin mai don su riƙa mutuwa tare mai saye ya ɗauka lafiya lau ne. Sikana, na'urar da ake jona wa mota don karanta kwamfutarta, ita ce ke tona wannan, domin tana nuna ko kwamfutar motar ta ba da umarnin a kunna wutar, ko da ƙwan bai kama ba.

Sannan ka dubi kalar wutar. Ja tana nufin a tsaya. Ruwan ɗorawa tana nufin a duba ba da jimawa ba.

Jar wutar baƙin mai, mai siffar buta, ita ce ba a yi mata jinkiri ko na minti ɗaya. Ko a tsakiyar cunkoson Kurna ta kama, a gangara gefe a kashe inji. Bar shi minti biyar a wuri mai daidai, ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama yawanci lita ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. In man ya yi ƙasa ka cika, wutar ta mutu, to sai neman inda yake zurara ko ƙonewa. In kuwa man yana nan cif amma wutar ba ta mutu ba, kada a sake tayarwa sai an kwance ɗan sensan mai an ɗaura gejin hannu a gurbinsa. Injin Toyota mai lita 2.7 da ya yi zafi, ana son ya ba da aƙalla psi 4 a silo, da kamar 36 zuwa 70 a juyi 3,000 a minti. Geji ya nuna haka, laifin sensa ne, kuma ba shi da tsada. Bai nuna ba, to ragar da ke zuƙo mai daga kasko ta toshe da dauɗa, ko famfon ya gaji, ko metal sun cinye. Wutar da ke ƙyafta ido a silo bayan inji ya yi zafi, ta mutu in an taka totur, alamar wannan gajiyar ce. Zuba mai mafi kauri yana rufe ta na ɗan lokaci, amma injin na kan hanyar bugawa.

Wutar batir na nufin altaneta ba ta caji. Buɗe bonet ka dubi fanbel tukuna, domin a motoci da yawa bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa, in ya tsinke inji zai tafasa kafin batir ya ƙare. Allurar zafi kuwa in ta doshi ja, a tsaya, kuma kada a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce har ana iya riƙe tiyon sama da hannu.

Ita wutar cek iri biyu ce. In ta tsaya cak, za ka iya kai lodinka ka dawo gareji. In tana walƙiya, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa yana narka katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansar. A nan sai a sassauta totur, a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, in da hali a sauke lodin.

Batir da wayoyin at kafin komai

Tsohuwar mota mai raunin wuta tana sa kwamfuta ta ajiye lambobin matsala na ƙarya birjik, shi ya sa ake fara awo daga nan. Sa mita a kan batir da safe kafin a tayar: bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 da dama-dama, 12.0 ya zube. Lokacin buga kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Inji na aiki, a ga 13.5 zuwa 14.5, kuma a kunna fitilun gaba da fanka a tabbatar bai sauka ƙasa da 13 ba. Ya haura 15, regileta ta lalace, tana dafa batir tana kuma barazana ga biren bos, wato kwamfutar motar.

Gwajin da wasu ke yi na zare kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji, a bar shi wa Peugeot 504 mai kafireto, ita ma ba alheri ba ne gare ta. A motar da ke da kwamfuta, wutar da ke tsalle a wannan lokaci tana iya ƙona biren bos nan take.

Daga nan sai at, wato wayar da ke haɗa negetib na batir da jikin inji. Ɗora jan bakin mita a jikin inji, baƙin a kan batir na negetib, wani ya buga kik. Abin da ya wuce 0.3 yana nufin wayar at ta yi tsatsa ko ta saki. Kwance ta, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam. Ka bi ƙananan wayoyin at da ke kan manifol, domin an sha mantawa da su bayan an sauke inji. Motar da ke kwana kusa da rumbun hatsi kuma, a haska tocila bayan inji da ƙarƙashin akwatin fis: ɓeraye na son kwanciya a wurin saboda ɗumi, kuma suna gaigayar waya.

Ciro lambar

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, irin Tacoma da Ranger, duk suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma kowace ƙaramar sikana tana karanta su. Na Turai masu fetur sun bi sahu daga 2001, masu gas daga 2004. Hilux da aka kawo don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa tana iya zuwa da soket ɗin amma ƙaramar sikanar da ake haɗawa da wayar hannu ta kasa magana da ita. Wannan ba lalacewar biren bos ba ce, a nemi babbar sikana mai manhajar Toyota, ko a bi hanyar ƙirga walƙiya.

Ga yadda ake ƙirgar. A tsofaffin Toyota akwai ɗan akwati a ɗakin inji da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Makulli a kashe, ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, sannan ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba. A masu soket mai rami 16, rami na 13 da na 4 ake haɗawa. A kula ƙwarai, rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskuren rami ɗaya na iya jawo asara, don haka a haska a ƙirga sau biyu. In wutar cek tana walƙiya a jere ba tsayawa, babu lamba a ajiye. In akwai, za ta yi misali walƙiya biyu, ta ɗan dakata daƙiƙa ɗaya da rabi, ta yi biyar: 25 ke nan. Tsakanin lamba da lamba tana jira daƙiƙa biyu da rabi. Waɗanda aka fi gani: 12 siginar juyin inji, 14 siginar wutar fulogi, 21 sensan salansa, 22 sensan zafin ruwa, 25 mai ya yi kaɗan, 26 mai ya yi yawa, 31 ma'aunin iska, 41 sensan totur, 52 sensan ƙwanƙwasa.

Kada ka bari a goge komai sai ka rubuta lambobin a takarda, ko ka ɗauki hoton fuskar sikanar. Tare da lambar, kwamfutar kan ajiye yanayin da motar take ciki a lokacin da abin ya faru: juyin inji, zafin ruwa, gudu, nauyin da take ja. Matsalar da ta bayyana a silo da sanyin safiya daban take da wadda ta bayyana ana gudun kilomita 90 a hanyar Zariya da lodi. Mai sikanar da ya danna gogewa ya karɓi kuɗinsa ya ce an gyara, ya share maka shaidar da za ta kai ka ga ciwon, kuma wutar za ta dawo cikin kwana biyu.

Abu na biyu da ya kamata ya zauna a kai: lamba tana nuna layin da aka ga matsala ne, ba ta cewa ga kayan da za a saya. Misali, lambar sikana P0135 ta ambaci hitar sensan salansa, amma fis ɗin da ya ƙone ko wayar da ta narke a jikin salansa duk ita za su kawo. Sensa nawa masu lafiya aka jefar a Ƙofar Ruwa aka sayi na gwanjo marasa lafiya saboda rashin wannan fahimta.

P0171, lambar da ake yawan gani

Ma'anarta iska ta fi mai yawa a cikin silinda. Direba zai ce motar ba ta da ja, tana shaƙewa in an taka, wani lokaci silo na hawa da sauka. Hanya mafi sauri ita ce a duba lambobi biyu da sikana ke nunawa inji na aiki, STFT da LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita. Haɗa su biyun. Tsakanin ragi 5 da ƙari 5 cikin ɗari lafiya ne. Ya wuce 10, akwai magana.

Bari inji ya yi zafi, ka karanta a silo, sannan ka riƙe totur a juyi 2,500 ka sake karantawa. In a silo ƙarin ya kai 18 ko 20 amma a 2,500 ya sauko kusa da sifili, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana busar da roba, don haka a bi tiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana lanƙwasa su: babban tiyon da ke tsakanin iya kilina da totur, musamman cikin lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, da tiyon sabo (servo) na birki, da na bawul ɗin da ke kan murfin inji, da gaskit ɗin manifol. Fesa ruwa kaɗan-kaɗan a wurin da kake zargi, in muryar inji ta canza ka samu. Masu fesa fetur a kan inji mai zafi suna wasa da gobara.

In kuwa a silo lafiya amma ƙarin na hawa yayin da juyi ke hawa, to ko mai ba ya isowa, ko ma'aunin iska na ƙarya. A nan ƙurar hunturu ke shigowa. Sensan iska yana da siririyar waya mai zafi wadda iska ke sanyayawa, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu farar ƙura mai laushi na lulluɓe ta, sai ta riƙa ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga. Injin lita 2.7 a silo, da esi a kashe, ana sa ran ganin giram 2.5 zuwa 4 a daƙiƙa. Kwance sukurori biyun, ka zaro sensan, ka fesa masa maganin wanke sensan iska daga ɗan nesa, ka bar shi minti goma sha biyar ya bushe. Ba a taɓa wayar da auduga ko tsinke, ba a wanke ta da fetur, ba a hura ta da iskar falkanaiza. Sannan ka ɗaga filtar iska ka kalli rana ta cikinta. Haske bai ratsa ba, a canza. Ka shafa yatsa a cikin tiyon da ke bayan filta: in ka ji gari-gari, ƙura na wucewa, ko filtar ta huje saboda yawan hurawa da ƙarfi, ko murfin akwatin ba ya rufuwa don kilif ya karye. Wannan ƙurar ba sensa kaɗai take ɓatawa ba, ita ke cin ringi.

Sensa ya fita daga zargi, sai a auna ƙarfin mai da geji. Yawancin injunan Toyota masu nozul na wancan zamani suna son psi 38 zuwa 44, kuma bayan an kashe inji da minti biyar kada ya faɗi ƙasa da 21. Awon silo kaɗai ba ya isa, domin famfon da ya gaji yana iya cika adadi a tsaye ya kasa a kan hanya, don haka a buga totur a ga ko allurar na faɗuwa. Kafin a yanke wa famfo hukunci, a canza filtar mai, a duba ragar da ke gindinsa, a kuma auna wutar da ke isa soket ɗinsa. Famfon da ke samun 10 maimakon 13 zai yi rauni ko sabo ne fil. Al'adar yawo da ɗan mai a gindin tanki ita ke kashe famfuna, saboda fetur ɗin ne ke sanyaya su. A riƙe tanki sama da kwata.

Man kansa ma abin tuhuma ne, musamman in ciwon ya fara jim kaɗan bayan an sha na jarka a hannun 'yan bumburutu. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba mai tsabta ka ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa da layi a fili, wanda aka gauraya da kananzir kuma yana barin maiƙo a takarda bayan fetur ya bushe. Ko a gidajen mai abin na faruwa: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. In man ne, a juye tanki, ba wani magani da za a zuba ya gyara shi.

Misin da jijjiga

P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ke misin, wato wadda ba ta ƙona mai daidai, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 na nufin abin na yawo. A injin da kowace silinda ke da kwail nata, kamar 2TR na Hilux daga 2005, gwajin kyauta ne: ɗauke kwail na silinda ta biyu ka musanya da na ta uku, ka goge lambar bayan ka rubuta ta, ka zaga. P0302 ta koma P0303, kwail ne. Ba ta motsa ba, musanya fulogi. Har yanzu tana nan, saura nozul ko ƙarfin silindar. A masu distiributa da wayoyin fulogi, kowace waya kada ta wuce kilo-om 25 in an auna da mita, kuma da dare in an buɗe bonet a wuri mai duhu ana ganin shuɗin tartsatsi na tsalle daga wadda ta fashe.

Jera fulogin a kan benci bisa tsarin silinda ka dube su. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya. Baƙi busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na hawowa. Fari tas, zafi ko ƙarancin mai. Guda ɗaya da ya fi saura tsabta kamar an wanke shi, ruwan lagireto ne ke shiga wannan silinda. Tazarar bakin fulogi tana tsakanin milimita 0.8 da 1.1 gwargwadon injin, a duba takardar da ke manne a cikin bonet. Jabun fulogi sun yi yawa a kasuwa, kuma wanda aka sayar maka a rabin kuɗin na asali da sunan iridiyom, wata biyu ya isa bakinsa ya cinye.

Idan wuta da mai sun tabbata, a auna kwamfireshan. Inji da ɗumi, a cire fulogi duka, a zare fis ɗin EFI, wato na tsarin da ke fesa fetur, a taka totur har ƙasa, a buga kik har allura ta daina hawa. Injin 3RZ mai lafiya yana ba da kusan psi 178, mafi ƙarancin da aka yarda da shi 128, bambancin silinda da silinda kada ya wuce 14. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a sake. Ta hau sosai, ringi ne. Ba ta hau ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna sun faɗi tare, gaskit ɗin tof silinda ya ƙone a tsakaninsu. Bawul ɗin salansa na matsewa da shekaru, kuma motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas sun fi saurin wannan, don haka a auna tazararsu da filagej kafin su ƙone.

Tamostat da aka cire

Tsofaffin motoci da yawa a garin nan an cire musu tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, da sunan ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne mai cin mai kullum. Kwamfuta na ƙara fetur muddin ruwa bai kai zafin aiki ba, kuma injin da ba shi da tamostat yana iya yin tafiyar asubar hunturu gaba ɗaya a digiri 55 ko 60. Sakamakon shi ne P0125 ko P0128, da baƙin fulogi, da fetur na wanke bangon silinda yana tsinka baƙin mai. A injuna da yawa kuma gindin tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa, in babu shi ruwan zafi na zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba, sai motar ta tafasa a cunkoso duk da an cire shi. Na Toyota yana fara buɗewa ne a kusan digiri 82. A gwada shi a tukunyar ruwa a kan wuta kafin a ɗaura. In mota na zafi, a nemi dalilin na gaskiya: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri, murfin da ba ya riƙe bar 0.9 ko 1.1 da aka rubuta a kansa, ko kulocin fanka da ya saki.

Sensan zafin ruwa kuma gwajinsa da sauƙi. Da safe kafin a tayar, zafin ruwa da zafin iska a sikana su yi kusan daidai, bambanci bai wuce digiri biyu ko uku ba. In ka ga ragi 40, waya ta katse ko soket ya fita. A mita, kilo-om 2 zuwa 3 a digiri 20, ya sauko 0.2 zuwa 0.4 a digiri 80.

Motar da ba ta ja amma babu lamba

Fara da tambayar ko injin ne ma. Sa giya ta huɗu a gudun kilomita 40 ka take totur. Juyi ya tashi gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke sulɓewa. Bayan tafiya ka kusantar da hannu ga kowane wili, wanda ya fi saura zafi birkinsa na kamawa. Ka kuma tuna an ƙera Hilux ne don kamar tan ɗaya, wato buhu goma na masara mai kilo ɗari. Wadda aka ɗora wa goma sha takwas ba ta da laifi in ta yi nishi a gadar sama.

In injin ne, katalis da ya toshe shi ne babban abin zargi: motar na tashi lafiya, amma ta ƙi wuce wani gudu ko an take totur har ƙasa, kuma abin na ƙaruwa in ta yi zafi. Ɗaura gejin zuƙa a manifol. Littattafai na cewa inci 17 zuwa 21 a silo, amma wannan a bakin teku ne. Kano na sama da teku da kusan mita 480, don haka a rage kamar inci ɗaya da rabi kafin a ce inji ya gaza. Riƙe juyi a 2,500: allura ta tsaya, salansa a buɗe take, ta riƙa zamewa ƙasa sannu a hankali, a toshe take. Ko a kwance sensan salansa na gaba a ɗan zaga da ramin a buɗe, in ƙarfi ya dawo an gano. Katalis ba ya mutuwa haka kawai, misin ko yawan mai ne ke narka shi, kuma wanda bai gyara wannan ba sabon ma zai bi sahu. In an fasa an zubar da cikinsa, P0420 za ta zauna daram, kuma haɗarin shi ne ta rufe maka ido daga sabuwar lambar da za ta zo daga baya, tunda wutar dama a kunne take.

Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce minti ashirin, a dubi sensan kiransha mai ƙirga juyin inji, P0335. Lokacin da ta ƙi tashi, kalli allurar juyi ana buga kik: ba ta ko motsi, sigina ba ta zuwa.

Masu 504 da Hilux mai kafireto ba su da wutar cek, amma tsarin bai canza ba: wuta, iska, mai, kwamfireshan. Tazarar kwantak a 504 milimita 0.4 ce. Injin 22R kuma in yana kwaratsi a gaba da an tayar, robar da ke riƙe sarƙar tayimin ta karye, kuma in an bar ta sarƙar za ta ci murfin har ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Masu shan gas

Hilux mai injin gas na D-4D tana da wutar filtar mai daban. In tana walƙiya, ruwa ya taru a gindin filta: sa gwangwani a ƙasa, sassauta makunnin gindin, ka danna famfon hannu da ke sama har gas mai tsabta ya fito, ka ɗaure da hannu kawai. In ta tsaya cak, filtar ta toshe, a canza. Wutar T-BELT tana kamawa ne a kilomita 150,000 don tuna maka bel ɗin tayimin, kuma goge ta ba tare da canza bel ba na iya ƙarewa da fistin ya daki bawul.

P0087, P0093 da P1229 duk sun shafi ƙarfin mai a layin nozul, motar kan rasa ƙarfi farat ɗaya ko ta mutu in an taka. A fara da filta da iskar da ke shiga ta tiyo, sannan ɗan bawul ɗin SCV da ke bayan babban famfo yana daidaita gas ɗin da yake zuƙa, wanda datti ke sa shi maƙalewa, kafin a yi maganar sauke famfon. Ƙarfin da ke cikin bututun nan ya haura bar 1,300, yana huda fata, don haka dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki da aka saba yi wa tsohon 3L da 5L ba ta da wuri a nan. Duk lokacin da aka cire nozul a sa sababbin wasa na gindinsu. Tsohuwar wasa na barin hayaƙi ya shiga baƙin mai, ya daskare, ya toshe ragar kasko. Baƙin hayaƙi na nuna ƙarancin iska, a duba filta, da tiyon turbo, da bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji, wanda ke cika da kunkunniya. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, shuɗi kuma baƙin mai.

Da damina, motar da ta mutu a cikin ruwan da ya kai bamba, mai fetur ce ko mai gas, kada a buga mata kik. A buɗe akwatin filtar iska tukuna. In da ruwa a ciki, a cire fulogi ko hita, a juya inji ruwan ya fita, a canza baƙin mai.

Bayan gyara

Yanzu ne lokacin gogewa, da sikana ko ta zare fis ɗin EFI na minti ɗaya. Silo na iya ɗan rikicewa na kwana ɗaya kafin kwamfuta ta sake koyo. Yawancin lambobi sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu kafin wuta ta kama, don haka zagaye ɗaya a bayan gareji bai tabbatar da komai ba. A tayar da ita da sanyi, a bi cikin gari, a hau Eastern Bypass a riƙe gudun 70 zuwa 80 na minti goma, a kashe, washegari a maimaita da lodi. Sannan a mayar da sikana a duba abu uku: babu lambar da ke jiran tabbaci, LTFT ya dawo ƙasa da 10, kuma gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta sun nuna sun kammala. Wannan na ƙarshen yana da amfani ga mai sayen ta hannu ma: motar da aka ce kullum tana kan hanya amma gwaje-gwajenta duk ba su kammala ba, an goge mata lambobi ne ko an cire batir kwanan nan, sai a nemi a yi doguwar tafiya da ita a sake sa sikana kafin a yi ciniki.